Sakiya Uku a Hannun Arzika

Ranar addu'ar ukun Arzika ina zaune a ƙofar gidansu a Bahindi, sai na ji wani mai furfura, wanda ko kaciya ba a yi masa ba lokacin da abin ya faru, yana gaya wa baƙi wai aljanin filin ƙwallo ne ya shanye wa marigayi hannu. Mutane suna ta gyaɗa kai. Na so in tashi in kwaɗa masa sandata, gwiwa ta hana. Aljani bai taɓa Arzika ba. Mu ne. Ni Labbo ina cikin waɗanda suka danne shi, kuma tunda sauran sun riga ni kwanciya, ni kaɗai na rage da zan faɗa. Karatuna aji uku ne na elemantare, daga nan na ga kamun kifi ya fi alli daɗi. Wanda ya ga harafi a karkace ya miƙe shi da kansa, amma ya karanta har ƙarshe, musamman in yana da majinyaci a ɗaka da dattijo a zaure.

Arzika taubashina ne, ɗan ƙanen uwata. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo tsirara bai san sunana ba sai "bawa". Ubansa ya rasu da wuri, yayan uban, Kawu Nomau, ya riƙe shi. Da aka zo neman yaran boko Kawu ya duba gidan kaf, ya ga maraya ne ya fi sauƙin bayarwa. Haka Arzika ya kai har makarantar midil a Sakkwato, a can kuma wani malaminsu Bature ya sa masa raket a hannu.

Ga wanda bai san tanis ba: mutum biyu ne, raga a tsakaninsu, kowa riƙe da abin bugu mai kama da rariya, suna korar wata 'yar ƙwallo mai gashi da ba ta kai mangwaro ba. Manya da hankalinsu. Arzika ya cinye 'yan makaranta, ya cinye malamai, da ya zama akawu ya shiga kulob ɗin Turawa ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, suna tafa masa, in ya ji ƙishirwa kuma a miƙo masa ruwa ta bayan kicin. Ya ɗauki kofin lardi. Ya je Kaduna ya ɗauko na Arewa, ya koma ya sake ɗaukowa. Kofin farko uwarsa Inna Kulu ta karɓa da hannu biyu, ta zuba irin kuɓewa a ciki.

In ya zo hutu ba ya zama. Ya sa aka share fili a bayan gari, matan unguwa suka yi masa daɓe da makuba, suna waƙa suna guɗa don sun ɗauka ɗakin amarya za a tayar. Ni ne nake tsayawa ɗaya gefen da tsohon raket ɗinsa, ina shan ƙwallo a ciki da haƙarƙari. A can kaɗai yake tuɓe riga ya sa gajeren wando. Gaban manya kullum cikin riga mai dogon hannu yake, don kunya. Kawu kuwa ya rantse ba zai je kallon ƙato yana bin abin da ba a ci da gudu ba. Saboda haka duk Bahindi ni kaɗai na san hannun daman Arzika, daga gwiwar hannu zuwa wuya, ya kusa biyun na hagu. Ku riƙe wannan.

Daminar da ake shirin karɓar mulki daga Turawa aka zaɓe shi ya je Ikko ya kara da zakarun kudu a lokacin bikin. Saura kamar mako bakwai ya zo gida neman albarka.

Makon farko. Kwana biyu da zuwansa zazzaɓi ya kada shi. Zazzaɓin damina ne, irin wanda sauron fadamarmu ke raba wa kowa kyauta. A rana ta uku ya fita hayyacinsa, yana ƙidayar wasa da Turanci, Inna na cewa da wa yake magana. Aka dafa raiɗore za a yi masa surace, aka tuɓe masa riga. Ina tsaye. Inna ta ga hannun, ta ga ƙyallen da yake ɗaurewa ƙasa da gwiwar hannu in zai yi wasa, ta aika zaure.

"Yaya, zo ka gani."

Kawu ya shigo, ya jera hannuwan biyu a kan tabarma, ya daɗe yana kallo.

"Ga ciwon nan," in ji shi. "Muna ta hwama da ɗiya, ashe uwar na nan kwance. Har ɗaure shi yay yi don kar mu gani."

Na ce, "Kawu, ba kumburi na ba. Haka hannun yake tun tuni. Wasan ga na yam mai da shi haka."

"Wasa." Ya juyo ya dube ni tun daga ƙafa. "Ni tun kahin a haihi uwarka nike noma, hannuna bai tashi ba. Sai wasa? Kai da kag gudu daga aji ukku za ka koya muna ciwo?"

Waɗanda ke bakin ƙofa suka yi dariya, ni ma na ɗan yi, don haka ake yi in babba ya yi maka ba'a. Da ina da wayo da na jawo maƙerin garinmu na tuɓe masa riga a gabansu. Wannan dabarar ta zo mini, amma bayan shekara guda.

Da safe aka kira wanzami a yi sakiya. 'Yan yanzu ba su san ta ba, Allah ya sa kada su sani: ƙarfe ne mai tsini ake sawa a wuta har ya yi ja, a soka a kumburi don mugunya ta fito. Wanzamin ba jahili ba ne, zan ba shi wannan. Ya latsa, ya sake latsawa.

"Malam Nomau, wanga abu bai nuna ba. Tauri garai awa icce."

"Zurhi yay yi. In anka jira shi nuna, sai dai a jira da magina kabari."

Wanzami ya ɗago ya dube ni. Ya san ni nake bin Arzika filin. Ni kuwa na sami wata tururuwa a ƙasa na zuba mata ido.

Mu huɗu muka danne shi, ni a ƙafafu. Na farko ya shiga, ƙauri ya cika ɗakin, jini ya fito ja wur, ba ɗigon mugunya. Kawu ya ce an kuskure, a sauko ƙasa. Na biyu ma jini. Wanzami ya ajiye ƙarfen, Kawu ya ɗauka da kansa ya mayar cikin garwashi ya miƙa masa, ya nuna ta cikin gwiwar hannu, wurin da in ka buge kake ji har ƙaramin yatsa. Da na ukun ya shiga na ga yatsu biyun ƙarshe sun zabura, sannan suka lanƙwashe a hankali. Arzika, wanda kwana biyu bai san kowa ba, ya buɗe ido ya ce, "Labbo." Ba ihu. Kamar mai tambaya.

Ban saki ƙafafun ba.

Da yamma na buɗe akwatinsa neman riga, na tarar da kwalbar kwinin da ya zo da ita. Na riƙa ba shi. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka. Sai ga mutane suna tururuwa gidan wanzami suna yi masa barka, Kawu na zaune a zaure yana karɓar sannu kamar wanda ya kashe zaki.

Mako na biyu. Abin da Arzika ya fara nema da ya farfaɗo ba fura ba ce, raket ne. Na miƙa masa. Ya kama, ya ɗaga, abin ya sulale ya faɗi a tabarma. Ya sake. Sau uku. Ya ce in mayar akwati.

Yanzu fa hannu ya kumbura na gaskiya, sai masana suka fito. Wani daga Lafagu ya ce kashin saniya da toka. Wata goggonmu ta taso tun daga Matsinkai da kitsen kada a cikin ƙoƙo. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka barbaɗa garin bagaruwa har ramukan uku suka toshe, ruwan da ya kamata ya fita ya koma ciki. Duk wanda ya zo sai an ba shi tuwo, zabin Inna suka ƙare a kan masu ba da shawara. Ranar da na ji wani yana cewa ai yanzu ya nuna, a yi ta huɗu, na ɗauko filafilin tuƙa jirgina na kamun kifi na zauna a bakin ƙofa na ce duk wanda ya shigo da ƙarfe da kansa zai fita a hannu. Ga jarumi. Bayan an gama.

Mako na uku ɗakin ba ya shiguwa don wari. Kaluluwa ta fito a hammata, wani jan layi yana hawa dantse. Muka kai shi wurin dispensa, mai ba da maganin asibiti a Bagudo. Mutumin kirki, ya wanke, ya shafa shuɗin magani, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, kuma hanyar Birnin Kebbi ruwa ya cinye, mota ba ta zuwa. Ya rage murya ya ce mu haye kogin Kwara mu shiga Dahome, akwai asibiti da likita na gaske.

Kawu ya sayar da sansa na noma a tsakiyar damina, ya ce da shi za a je. Na rubuta wannan don kada a ce na ɓoye alherinsa. Wani masunci, Badande daga mutanen bakin kogi, ya haye da mu, kogi ya cika ya batse, ya ƙi karɓar komai, ya ce shi ma yana da hannu. Daga can muka ɗora Arzika a jaki, kwana biyu muna tafiya, ina kora masa ƙuda da reshe.

A iyaka muka tarar da sabon abu. Su ma can ba su daɗe da karɓar ƙasarsu ba, an kafa sabuwar tuta, an ajiye masu kaki, suna neman takarda. Hanyar da kakanninmu ke bi su kai goro, ƙanwar kakata ma can take aure, yau wai takarda. Muka yini a rana. Daga ƙarshe Arzika ya ce in kwance masa ƙyallen. Na kwance a gaban teburinsu. Babbansu ya toshe hanci da hula ya yi mana nuni mu wuce. Wari ne fasfonmu.

A asibiti muka kwana biyu ƙarƙashin mangwaro ba mu ga likita ba. Kullum muna zuwa mu tsaya, kullum a ce layi ya cika, mu kuwa ba mu ga layi ba, duwatsu kawai muke gani a jere a bakin baranda. Wata mai koko da ke jin Hausa ta gaji da kallonmu.

"Ku baƙi, duwatsun nan mutane na. Kowa da nashi. Ku nemo naku ku aje da asuba, in an buɗe ƙofa kowa ya tsaya ga dutsenshi."

Ta ba Arzika koko a ludayinta, ta riƙe masa. Ban san sunanta ba, ina sa ta a addu'a da "mai koko", na san za a gane.

Likitan baƙar fata ne, siriri, da tabarau, yana magana ta bakin tafinta. Ya duba ramukan. Sai ya latsa dantse, ya ce a kawo hannun hagu, ya jera su kamar yadda Kawu ya jera. Ya dubi kantar da ke tafin hannun dama. Ya ɗaga nasa hannun ya kaɗa iska, ya ce, "Tanis?" Arzika ya gyaɗa kai. Abin da gari guda ya kasa ganewa, baƙo ya gane kafin ya zauna. Ya cire tabarau ya tambaya wane ne babba. Kawu ya matso. Abin da tafinta ya juyo mana ban manta ko harafi ba:

"Ya ce wannan ba kumburi ba ne, ƙwanji ne. Shekaru mutumin nan ya yi yana gina shi, kun rushe kafin hantsi. Hannun zai yi ƙoƙari ya bar masa. Yatsu biyun kuwa jijiyarsu ta ƙone, shi ba ya ɗinka toka."

Kawu ya ce, "Haka Allah yaƙ ƙaddaro."

Likita ya nemi a fassara masa. Da ya ji, ya ce a tambayi dattijo ko Allah ne ya hura wutar. Tafinta mai hankali ne, bai juyar ba, ni ya gaya wa daga baya. Na ji haushinsa. Da ya faɗa.

Daga mako na huɗu zuwa na shida allura ce safe da yamma, har Arzika ya rasa ɓangaren zama. Aka tsaga, aka matse, aka sa ƙyalle a ramukan ana ja kullum. Ni ne mai dafuwa, mai wanki, mai kai shi bayan gida. Kekena da na bari a gida na aika aka sayar. Kawu bai taɓa shiga ɗakin ba, yana ƙarƙashin mangwaro da tasbaha, in na fito ya ce, "Ya ci?" In ce ya ci. Shi ke nan hirarmu.

A mako na biyar wani ɗan kasuwar garinmu ya kawo wasiƙa daga Kaduna, da takardar shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko a ciki. Arzika ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, amma ya ce ni zan karanta. Na yi ta tuntuɓe da Turancin, bai gyara mini ko ɗaya ba. Da na gama ya ce:

"Wa yar riƙe ni?"

Na lissafa masa uku.

"Ƙahwahu hwa?"

"Ni."

"Ka gaya musu ƙwanji na?"

"Na hwaɗa."

"Sau nawa?"

Na ce sau ɗaya.

Ya ninke wasiƙar da hannun hagu, a kan cinya, a hankali. Ya ce, "Na gode, Malam Labbo. Allah shi saka da alheri."

Wanda ba shi da taubashi ba zai gane ba. Mutumin da ko a gaban surukaina bawa yake ce mini, yau ni ne Malam. Da mari ya yi mini da na fi samun barci.

Ranar bikin tafinta ya ɗauko rediyon ofis ya kawo mana baranda, wai ya faranta wa 'yan Nijeriya. Ana ta kaɗe-kaɗe, majinyata suna yi mana barka da samun ƙasa. Arzika ya amsa wa kowa da fara'a, sannan ya juya fuska bango. Wani ne ya buga a madadinsa a Ikko. Bai taɓa tambayar ko wane ne ba.

Muka dawo da hannu, likita ya cika alkawari, Allah ya biya shi. Yatsu uku suna aiki, sun isa riƙe alƙalami, don haka aikin akawu bai kuɓuce ba. Amma raket da 'yan yatsun ƙarshen nan ake damƙe shi, su kuwa sun kwanta kamar ƙugiya. Ranar da muka iso aka kawo tuwo zaure, maza aka kewaye akushi. Arzika ya gwada yanka loma da dama, ta watse. Ya miƙa hagu. Wani ya ja tsaki, wani ya janye hannunsa. Kawu bai ɗago ba, ya ce, "A bar shi," ya juya akushin ya tura masa gefen nama. Wannan ita ce duk ban-haƙurin da Kawu Nomau ya yi har ya koma ga Allah. Mutane suna cewa ai babba ne, hakan ma ya yi ƙoƙari. Ni na ce tsoka biyu ba su sayi hannu ba.

Shekara guda cur ina Malam Labbo. Gaisuwa har da rusunawa. Sai wani hutu Arzika ya aiko a ce mini a sabunta daɓen filin. Na zaci ba'a ce. Ya fito da gajeren wando, raket a hagu. Ƙwallon farko gonar gero ta faɗa, ta biyu ta kashe wa wata mata tulu. Bai yi dariya ba, ni ma ban isa ba. Hutu bayan hutu muna nan, yana faɗuwa yana tashi, ina tsinto ƙwallo a ƙaya ba mai ce mini sannu. A shekara ta uku wata ƙwallo ta taso daga hagun nan ban ma gan ta ba, sai jin ta na yi a tsakiyar goshi, na zauna daɓas.

"Kai bawa, makaho kake? Tashi ka ɗauko."

Na zauna a wurin ina kuka kamar an yi mini mutuwa, shi yana cewa ƙwallo ce ta yi zafi.

Ya sake ɗaukar kofin lardi sau ɗaya da hagu. Kaduna ya je, aka fitar da shi tun a zagayen farko. Ikko kuwa bai taɓa taka ta da raket ba. Kada wani ya ce mini ai ƙarshen ya yi kyau. Mutumin da ya kamata ƙasa ta san sunansa ya ƙare yana koya wa 'yan makaranta riƙon raket, yana ɓoye hannu a aljihu in za a ɗauki hoto.

Akwai ranar da muna cikin wasa Inna Kulu, ta tsufa lokacin, ta kawo mana ruwa filin, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya tana kallon ɗanta ba riga. Ta yafuto ni, ta rage murya.

"Labbo, wanga na hagun ma kamar ya hwara tashi. Ko a gaya ma Yaya?"

Na ajiye kwaryar. Na ce, Inna, ƙwanji na. Na sake faɗa. Na faɗa na uku da ƙarfin da ya tashi tsuntsaye daga gero. Daga nan na wuce zauren Kawu ba sallama na faɗa, na je ƙofar wanzami na faɗa, na tsaya bakin masallaci bayan la'asar na faɗa wa duk wanda ya fito. Aka ce Labbo ya taɓu. Da na dawo na tarar da Arzika kwance a kan daɓe, dariya ta hana shi tashi.

"Sau nawa, bawa?"

Na ce ban ƙirga ba.

Don haka, kai mai jinya, in ka san abin da manya ba su sani ba a jikin majinyacinka, faɗa. In an yi maka dariya sake faɗa. Kwanta a kansa in ta kama, a kore ka daga gidan, a ce ba ka da kunya. Kunyata ta kwana ɗaya na adana, wani ya biya da hannunsa har kabari.

Allah ya jiƙan Arzika. Ya jiƙan Inna Kulu, da likita, da masunci, da mai koko. Kawu Nomau ma na sa shi, amma a ƙarshen layi, ya ajiye dutsensa ya jira. Shi kuma mai furfurar nan na wurin addu'a, in har yanzu yana neman aljanin da ya riƙe Arzika, ba sai ya je bayan gari ba. Yana nan Bahindi kusa da masallaci, yana dogara sanda, sunansa Labbo.